Ranar Babu Malam

Hular nan da ke kan gwiwarsa, a kife take, ko kuwa ya riga ya juya ta? Damina biyu ke nan ina wannan tambaya, ban samu mai ba ni amsa ba. Nakan rufe ido in koma bakin ƙofar kicin, in ga tsakar gidanmu yadda take a ranar. Inuwar mangwaro tana rawa a kan siminti, ruwan da aka yi bai gama bushewa a gindin bango ba, Malam yana zaune a kujerarsa ta katako, hannunsa ɗaya a sama. Komai ina gani, har ƙudan da ke zagaye bakin turmi. Hular kaɗai ce ba na gani. Da na kai ido wurinta sai wurin ya yi fari fat, kamar ruwan aya idan an tace.

'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira, kada ta ba ni haƙuri, an ba ni haƙuri har na ƙoshi. Mijina nake wa kuka, ba na jin kunyar kowa a kai.

Na yi shekaru ban san sunan aikin Malam ba. Idan mata suka tambaye ni a gidan suna, sai in ce yana zuwa ofisoshi ne yana kashe musu wuta. Su yi ta dariya, amma ban yi ƙarya ba. Odita suke ce masa, sai dai ba irin masu bin lissafi ba. Kowace ma'aikata, in ji shi, tana da littafin da ta rubuta abin da za ta yi idan masifa ta sauka, in gobara ta tashi, in ruwa ya ci ginin, in kwamfutoci suka mutu da duk abin da ke cikinsu, in wanda ya san kan aikin ya kwanta ciwo. Aikin Malam shi ne ya je ya gani ko abin da aka rubuta zai ɗauki mutane ranar da aka buƙace shi, ko kuwa takarda ce kawai. Yakan shirya da shugaban wurin a ɓoye, ya iso da safe da jakarsa, ya sa a kashe wuta, ya ce wa ma'aikata su ɗauka ginin ya ƙone. Sannan ya ja kujera gefe ya zauna da agogo da littafi, yana kallon yadda za su yi.

Da yamma yana cin tuwo yana ba ni labari, ba ya kama sunan wuri. Akwai inda suka ajiye mukulli na biyu na ɗakin janareta a cikin ɗakin janaretan. Akwai inda suka kwafe duk bayanansu a wani ɗan akwati, suka ɗora shi a kan kwamfutar da suke tsoron ta ƙone. Wani wurin kuma, mutum na farko a jerin waɗanda za a kira in abu ya faru ya rasu tun shekara uku, aka buga wayarsa, matarsa ta ɗauka. Wannan bai yi dariya ba da yake ba ni shi. Ya ce ya daɗe yana jin nauyin matar nan, kuma daga ranar bai sake barin a fara gwaji ba sai ya bi sunayen da kansa, ɗaya bayan ɗaya.

A unguwa Malam Idan-fa suke ce masa, har ya saba yana amsawa. Ya tsaya sayen burodi, sai ya tambayi mai shago idan fa mai kawo masa bai zo ba gobe. Ya je masallaci, sai ya tambayi ladan idan fa batirin lasifika ya mutu ranar Juma'a. Wani dattijo ya taɓa ce masa wannan ai ƙarancin tawakkali ne. Malam ya yi murmushi ya ce shi ma ga Allah ya dogara, amma hankalin da Allah ya ba shi ba don ya ajiye a ƙarƙashin gado ya ba shi ba.

Da ya yi ritaya ya rasa ofishin da zai kashe wa wuta, sai ya juyo kaina.

Ni kunun aya nake yi, tun yara suna ƙanana. Na fara da kula ɗaya a ƙofar gida, har abin ya kai firiza biyu a ɗakin da ke jikin zaure, da shaguna a nan Tudun Wada da Kwangila masu jiran kayana kowace rana. Duk wadda ta taɓa yin kunun aya ta san halinsa, ba ya jiran kowa. Sanyi ya rabu da shi na ɗan lokaci, ya yi tsami, ya kumbura gora, wahalar jiƙo da markaɗe da tata duk ta tafi kwata. Malam ya zauna mako guda yana rubuta mini littafi mai shuɗin bango. Wata safiya na gama jera goruna a firiza, sai na ji ƙarar ɗakin ta ɗauke. Na leƙo na gan shi a gindin mangwaro da agogo, ya miƙo mini littafin, ya ce an ɗauke wuta kuma shi ya yi tafiya. Na ce to ya karanta mini. Ya ce wanda ya yi tafiya ba ya karatu. Na tsaya riƙe da littafi ina juya shi, ban san ma ta ina ake fara shi ba. Na ja igiyar janareta har kafaɗata ta yi tsami, ashe akwai wani ɗan abu da ake murzawa tukuna, yana can rubuce a shafi na biyu. Kafin ya haƙura ya mayar da wutar, rabin kunun ya juya.

Ranar ban yi masa magana ba har magariba. Shi ya zo ya zauna a bakin tabarmata, abin da ba ya yi, ya ce shekara talatin yana rubuta wa mutane laifi saboda sun yi tsarin da ma'aikatansu ba za su iya bi ba, ga shi ya zo ya rubuta wa matarsa littafi alhali ya san ba ta karatu. Ya ce, "Tsarin ne ya faɗi, Hajiya, ba ke ba." Na ce tsarin ya zo ya shanye kunun da ya yi tsami, tunda shi ya jawo.

Daga nan sai gidanmu ya cika da launi. Ya ɗaura jan zare a mukullin ɗakin janareta, kore a na ɗakin firiza, fari a gwangwanin da ke zaure mai katin asibiti a ciki. Ya ari jan farcen 'yata ya ɗiga a kan abin da zan fara murzawa, ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu. A wayata ya cire sunaye ya sa hotuna: mai gyaran janareta da sifana a hannu, mai keken da ke kai mini kaya zaune a kekensa, ƙofar asibiti. Abin da za a yi bi da bi kuwa ya sa na haddace shi ina wanke aya, ina faɗa yana gyara mini, kamar yadda ake biya wa mutum karatu. Har yau in ina wankin aya bakina yakan kama shi da kansa.

Akwai wata 'yar kasuwa a Tudun Jukun, Kirista ce 'yar ƙabilar Ibo, a nan Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Madam muke ce mata. Kifi da kaji masu ƙanƙara take sayarwa, kuma layin wutarsu daban yake da namu. Malam ya je ya ƙulla mana alkawari da ita: in tamu ta lalace ta ba ni firiza ɗaya, in tasu ta lalace in ba ta. Bai yarda da alkawarin baki ba sai da aka gwada. Muka loda goruna a keke muka kai, suka wuni a can, muka raba wa shaguna. Washegari mai shagon Kwangila ya aiko yana tambaya ko Hajiya ta fara kunun kifi ne. Madam ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, Malam kuwa murna ya yi, ya ce gara da muka sani yanzu. Aka samo wata babbar roba mai murfi da ba ta shigar da wari, aka ajiye a wurinta don ni kaɗai. Tun daga nan in ta hango shi ya sauko daga acaɓa sai ta ce, "Baba, yau kuma me ya ƙone?" Shi ko ba ya amsawa sai ya buɗe tankin janaretanta ya tsoma kara ya ga inda mai ya tsaya.

Sau ɗaya ya yi ranar babu Hajiya, wato a ɗauka ba na nan. Ni na zauna a kujerar, shi da 'yata suka shiga kicin. Suka zuba citta kamar masu haɗa maganin mura, dabino kuwa suka yi masa rowa. Na kurɓa na furzar. Ya rubuta wa kansa faɗuwa da hannunsa, ya kuma sa na koya wa 'yata awo da gwangwani da tafin hannu, har sai da mai shago ya kasa bambance nata da nawa.

Wanda ya fi yi mini wuya shi ne ranar babu Malam. Sau biyu yake yin ta a shekara, gab da azumi da farkon damina, kuma ba ya faɗa tukuna. Bayan karin kumallo zai ɗauki kujerarsa zuwa gindin mangwaro, ya cire hula ya kife ta a kan gwiwarsa. Da hula ta kifu, babu shi ke nan har a kira la'asar. Zai kashe abin da ya ga dama, ni kuma in yi duk abin da ya kamata ba tare da na tambaye shi ko na yi masa magana ba. Salla kaɗai ke tayar da shi, ya sa hularsa ya je ya dawo ya sake kife ta. Ya ce a duk ofishin da ya yi gwaji akwai kalmar da ake faɗa a tsayar da komai idan abin gaske ya faru a tsakiyar wasa. Tamu hula ce. In ya juya ta bakinta ya kalli sama, gwaji ya ƙare, in zo da gudu.

Ban taɓa ci ba. Aikin kam na iya shi, janareta na tashi da ja ɗaya, Madam na amsawa, shaguna na samun kayansu. Bakina ne ba ya iyawa. Zan wuce ta gabansa da kwarya sai in ji na ce masa ayar bana ƙanana ce. Zan ga rana ta taɓa ƙafarsa sai in ce ya matsa. In kawo masa ruwa. In tambaye shi miyar da yake so da dare. Ba ya ɗago kai, sai dai in ga biro ya motsa. Da la'asar ya mayar da hula, ya gyara murya, ya karanta mini sakamako kamar yana gaban manyan ofis. Ya yaba inda na yi daidai, sannan ya ce na yi magana da wanda ba ya nan sau huɗu. Ni kuma in ce mutum yana zaune yana korar ƙuda a gabana, ta yaya zan ce ba ya nan.

Har tarko yake ɗana mini. Ya yi tari mai ƙarfi, ko ya saki biro ya faɗi, ko ya dafe kai, ko ya ɗaga hannu kamar mai kira. In saki abin da ke hannuna in taho, sai ya nuna mini gwiwarsa da yatsa, hula tana nan a kife. Da la'asar ya ce hula zan riƙa dubawa, ba shi ba. Wata rana na gaji na tambaye shi me ya sa ya nace wa wannan, tunda kunu ba ya lalacewa. Ya ce komai na gidan nan ya samar masa na biyu, wuta, ruwa, mukulli, mai gyara, har hannun da ke awo. Abu ɗaya ya rage, waiwayen da nake yi in neme shi, kuma wannan bai san inda ake samun na biyunsa ba, shi ya sa yake so in saba tun yana gani. Na ce ya daina wannan magana, ni zan riga shi. Ya ce wannan ba ya cikin tsari.

Ranar da nake ba da labari, farkon damina ce. An yi ruwa da iska, taransifomar unguwa ta yi ƙara ta mutu, gari ya waye babu wuta tun daga bakin titi har bayan masallaci. Na ɗauka tunda ga matsalar gaske ba zai ƙara mini da wasa ba. Sai na ga ya gama shan koko, ya ɗauki kujera da littafi, ya yi mini 'yar magana, ya cire hula. Raina ya ɓaci, kuma cikin ɓacin ran na yi niyya. Na ce yau ko mangwaron ne ya faɗo ba zan kula shi ba, zan ga abin da zai samu ya karanta da la'asar.

Na bi jan zare, na murza ɗigo ɗaya, na murza ɗigo biyu, janareta ya tashi. Da hantsi janaretan ya yi tari ya mutu, ruwa ya shige shi. Na danna hoton mai sifana, wayarsa a kashe. Na danna na biyunsa, ya ce yana Kaduna sai gobe. A da nan ne zan juya in kalli gindin mangwaro. Ban juya ba. Na rufe firiza na danne da bargo, na kira Madam, na kira mai keke, muka loda kuloli, na shiga na zauna a kan ɗaya. Hanyar Tudun Jukun duk taɓo, keken yana tangaɗi, goruna suna kaɗawa a bayana, ni kuwa wani irin daɗi nake ji, kamar yarinyar da aka aika kasuwa ita kaɗai karon farko. Madam ta tambaye ni yau wasan Baba ne ko gaske, na ce duka biyun. Ta ba ni ƙanƙara a leda, na dawo da gora ɗaya a ciki saboda shi.

Na shigo ana kiran azahar. Na gan shi ya sa hula ya fita, na gan shi ya dawo ya zauna ya sake kife ta, ya yi ɗan rubutu. Na wuce ta gabansa sau uku, bakina a rufe. Na shiga kicin na kama tatar jiƙo na biyu, wanda mai keke zai dawo ya ɗauka. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Gidan ya yi tsit irin na ranar da babu wuta, babu ƙarar firiza, babu rediyon maƙwabta, sai kurciya. Na fito bakin ƙofa da rariya a hannu zan zubar da tuƙa, sai na hango hannunsa a sama. Bai yi magana ba. Hannun yana nan tsaye, yatsun suna ɗan motsi. Na yi murmushi, na ce a raina yau ba za ka kama ni ba, na juya na koma ciki.

Hannun hagu ne. Sai daga baya na tuna. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa ganin Malam ya kira ko da yaro da hannun hagu ba.

Aka kira la'asar, ban ji motsin buta ba. Na zuba kunun nan mai sanyi a kofi na fito, ina tafe ina shirya abin da zan ce masa in ya rasa laifin da zai karanta. Na same shi ya karkata gefen dama, bakinsa ya goce, biro a ƙasa, littafin a cinyarsa. Idonsa a buɗe, yana kallona, kallon da ya san ni. Hular tana ƙasa a gindin kujera, kwance a gefenta, ba a kife ba, ba a buɗe ba. Ko faɗuwa ta yi, ko ƙoƙarin juya ta ya yi ta suɓuce masa, ko ya juya ta tun ɗazu iska ta ture ta daga baya, Allah kaɗai ya sani.

Abin da ke ƙara sa ni kuka shi ne, ko a wannan ma tsarinsa bai faɗi ba. Hannuna ya san inda zai je. Farin zare, gwangwani, katin asibiti. Hoton mai keke, hoton 'yata. Kafin maƙwabta su gama taruwa mun kama hanya, kansa a kafaɗata. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara. Na ce tsakanin azahar da la'asar. Ya rubuta. 'Yata ta ce wai ya gaya mata ko da an kawo shi da wuri da wuya a ce an yi wani abu. Ga ta nan zaune, ta sake rantse mini yanzu. Na ji, amma 'yata ce, kuma tana sona. Kwana uku ya yi, bai sake magana ba, a rana ta huɗu da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Wata huɗu da kwana goma ina takaba, ban leƙa ko zaure ba, kuma babu shagon da ya rasa kunu in ban da kwanakin zaman makoki. 'Yata tana awo, mai keke yana zuwa a kan lokaci, Madam ta zo ta zauna a tabarmata ta yi kuka kamar ubanta ne, ta tafi ta ci gaba da riƙe mini firiza har aka gyara taransifoma. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa Malam ya bar gida a shirye, Allah ya saka masa. Ina amsawa da amin, amma a cikina haushi nake ji. So nake wani abu ya tsaya. So nake firiza ta mutu, mukulli ya ɓace, kunu ya yi tsami gaba ɗaya, a gane cewa an ɗauke wani abu daga gidan nan. Komai ya ƙi lalacewa, yana ta tafiya yadda ya tsara.

Sai bayan sadakar arba'in na iya ba 'yata littafin ta karanta mini shafin ranar. Ya rubuta lokacin da janareta ya tashi da lokacin da ya mutu. Ya rubuta cewa a nemo mai gyara na uku, kuma a yi wa ɗakin janareta rufi mai kyau. Ya rubuta cewa na tuna da bargo. A ƙasa ya ce azahar ta wuce, ba ta yi mini magana ko sau ɗaya ba, madalla. Daga nan ya fara wata kalma, biron ya zame, ya ja layi ɗaya siriri ya gangara har ƙarshen takarda. Duk rubutun da Malam ya yi a duniya, wannan layin kaɗai na iya karantawa da kaina. Nakan ɗora yatsa a kansa in bi shi har inda ya ƙare.

Shi ya koya mini cewa duk gwajin da ya nuna ɓaraka, sai an gyara tsarin. Na daɗe ina tunani, na gane alamar tamu tana buƙatar hannu mai lafiya, kuma mutumin da ya tambayi duk Zariya idan fa, bai tambayi kansa idan fa hannun ya ƙi ba. Bana kafin azumi na yi wa 'yata ranar babu Hajiya. Na zauna a kujerarsa, na kashe mata wuta. Amma na sa doka: duk lokacin da ta wuce, ta zo ta dafa kafaɗata ta kalli idona, ko ba ta ce komai ba. Na san da yana nan zai zauna a bakin tabarmata ya ce tsarin ne ya faɗi, ba ni ba. Wasu ranakun ina yarda da shi. Wasu ranakun kuma nakan ce tsari ba shi da ido, ni ce nake da ido, kuma na ga hannun.

Yanzu tsakanin azahar da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Ƙarar firiza tana zuwa daga ɗakin zaure, a hankali, har barci ya fara ɗaukata ba tare da ya ɗauke ni duka ba. A nan nake ganinsa. Wani lokaci yana cikin wani babban ofis marar rufi, ganye yana zubowa a kan tebura, mutane cikin fararen kaya suna kai da kawowa, shi yana gefe da agogonsa yana jiran su gama. Wani lokaci kuma a nan yake, a kujerarsa, ni ina tahowa daga kicin da kofi, tsakar gidan tana ƙara tsawo, ina tafiya ba na isa, hular tana juyawa a kan gwiwarsa kamar faifai a kan ruwa. Ina gab da ganin inda za ta tsaya sai ladan ya kira salla.

Hular tana wurina. Wata rana in kife ta a kan kujerar, wata rana in juya bakinta sama, in koma bakin ƙofar kicin in tsaya in duba, ko idona zai tuna wanne ya gani. Bai tuna ba. Kuma tun da ya tafi kowace rana ranar babu Malam ce, kowace rana kuma faɗuwa nake yi. Ina gaya masa ayar bana ta yi kyau. Ina gaya masa an yi wa ɗakin janareta rufi, an samu mai gyara na uku. In rana ta taɓa ƙafar kujerar ina ce masa ya matsa. Da akwai mai riƙe biro, da littafin ya cika tuni.

Kullum in na zuba wa shaguna nasu, ina ware gora ɗaya in tura ta can ƙasan firiza inda ya fi sanyi. 'Yata ta daina tambayata ta wane ne. Da safen ranar da abin ya faru, Malam yana tsaye da kujera a hannu ɗaya, littafi a hammata, kafin ya kai hannu ga hularsa, ya juyo ya dube ni yana murmushi ya ce, "Hajiya, yau ki yi kamar ba na nan. Ki ajiye mini mai sanyi, da la'asar ki zo in gaya miki yadda kika yi."